Angon da Ya Kai Ƙarar Aurensa

"Ina kika shiga jiya?"

Ban ko amsa gaisuwarta ba. Na ɗage gilashin walda daga fuskata, na ajiye ƙarfen da ke hannuna da ƙarfi don ta san raina a ɓace yake.

"Ina kwana, Injiniya," ta sake cewa tana murmushi.

"Ban kwana ba. An karanta sanarwar aurenmu ta farko a coci, an fito, jama'a sun yi mini caa da barka, na waiga babu amarya. Ni kaɗai nake ta washe baki kamar kaina zan aura."

"Ka yi haƙuri... Kaka ta ɗaki na huɗu a gidan tsofaffi ce ta ƙi cin abinci tun safe. Ka san ba ta karɓa a hannun kowa."

"Sai a hannunki."

"Sai a hannuna."

"To ni a hannun wa zan karɓa?"

Ta yi dariya, ta zauna a kan bencin da ke bakin shagona, ta ciro burodi da kwalbar shayi daga jakarta ta miƙo mini. Fushina bai taɓa wuce minti biyar a gabanta ba, kuma ta san da haka. Abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.

Auta kowa ke ce mata, don ita ce ta ƙarshe a gidansu, ita kaɗai ce kuma mace bayan maza uku da duk neman abinci ya kai su nesa. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi da Sistoci ke riƙe da shi a ƙarshen titinmu. Ni kuwa mai walda ne. Ita ta laƙaba mini Injiniya, alhali ko ƙofar jami'a ban taɓa ƙerawa ba, balle in shiga.

Shekara uku ke nan da ta turo wani keken guragu har shagona ta ce ƙafar hagu tana ƙara. Na ce ta dawo jibi. Ta ce, "Har jibi mutum yana kwance yana kallon rufi?" Ta zauna a kan wannan bencin ta harɗe hannu, sai da na ajiye aikin mutane na gyara mata. Tun ranar na zama mai gyaran kekuna da gadajen gidan, tun ranar kuma hankalina bai sake zama wuri ɗaya ba.

Na ga mata masu kirki, amma ban ga irinta ba. Na taɓa samunta durƙushe da robar ruwan ɗumi tana yanke wa wani tsoho farcen ƙafa, shi kuwa yana ta zazzaga mata zagi. Da ya gaji ta ɗago kai ta ce, "Baba, zagin yau bai kai na jiya ba, ko jikin ne?" Tsohon ya fashe da dariya har da tari. Ranar na ce wa kaina, ko wannan ko in haƙura da aure.

A cocinmu na Katolika ba a ɗaura aure sai an karanta sanarwa Lahadi uku a jere, don duk wanda ya san dalilin da zai hana auren ya je ya gaya wa Fada. Mai karantawa kuwa ba kowa ba ne, babanta ne. Shekara ashirin da shida yana Katikis. Shi ke koyar da addini, shi ke karanta sanarwa, shi ke jan addu'a bayan Mas, har da wadda ake roƙon Allah ya kira samari da 'yan mata daga gidajenmu su zama Fada ko Sista. Ya karanta auren 'ya'yan mutane ba iyaka, amma da ya zo kan sunan 'yarsa sai da ya gyara murya sau uku, ya gyara tabarau, ya karanta kamar mai labarai a rediyo.

Mama kuwa, uwar Auta, da ciwon gwiwarta da komai, tuni ta auna tafiyar da ke tsakanin gidansu da ɗakin da na kama.

"Minti bakwai," ta ce mini. "Ko da sanda zan iya zuwa in ga jikokina."

Ranar Laraba na mayar da keken wata tsohuwar Sista da na sake wa birki. Ta haura tamanin, ƙafafunta sun daina aiki, amma bakinta bai taɓa zuwa hutu ba. Na same ta a barandar gidan tsofaffin, muka zaunar da ita, sai ƙararrawar sha biyu ta buga.

"Tura ni ɗakin addu'a," ta ce. "Mu gani ko birkin na gaskiya ne ko irin na wancan karon."

Na tura ta. Ɗakin ƙarami ne, benci shida, wata jar fitila tana ci a gefen bagadi. Sistoci suka shigo suka fara waƙar addu'arsu, wannan gefe ya ja, wancan ya amsa. A benci na ƙarshe, da rigar aikinta da safar hannu a aljihu, ga Auta a durƙushe.

Ba ta gan ni ba. Ba na jin ta ga kowa ma. Bakinta yana bin waƙar babu littafi, fuskarta kuwa... Shekara uku ina kallon fuskar nan. Na san ta da dariya, na san ta da gajiya, na san ta da tsokana, amma ban taɓa ganinta haka ba. Kamar wanda ya sha doguwar tafiya ya samu wuri ya cire takalmi. Kishi ya soke ni, kuma na rasa wanda zan yi kishin da shi.

"Ka gani ko?" in ji tsohuwar Sista ƙasa-ƙasa.

"Me zan gani, Sista?"

"Ni ban ce komai ba. Hutun cin abincinta ke nan, shekara biyu cur. Sai dai ta ci a tsaye daga baya."

"Ta ce muku wani abu ne?"

"Ba ta ce ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ba ma farautar 'ya'yan mutane. Wadda ta riga ta ba wani alkawari kuwa, ko ta ƙwanƙwasa ba za mu buɗe ba, sai mai alkawarin ya sake ta da zuciya ɗaya." Ta taɓa hannun keken. "Birkin ya yi. Je ka."

Da yamma na jira ta ta tashi daga aiki. Muka taka har muka wuce shagon mai gyaran waya ban ce uffan ba.

"Yau kuma me na yi?" ta tambaya.

"Na gan ki a ɗakin addu'a."

"Laifi ne?"

"Rabin raina, dube ni. Kina so ki zama Sista ne?"

Ta tsaya cak. Auta ba ta iya ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake yi wa mai girki a ce abinci ya yi daɗi. Ta daɗe tana kallon ƙasa, har na ga hawaye suna ɗiga a kan takalminta.

"Tun ina shekara sha biyar..." ta ce. "Na ɗauka yarinta ce, zai wuce. Da na haɗu da kai na yi murna, na ce shi ke nan, Allah ya ba ni amsa. Ina son ka, Injiniya, ban taɓa yi maka wasa ba. Amma abin bai tafi ba. Kamar wani yana tsaye a bakin ƙofa, ba ya bugawa, ba ya kuma tafiya."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Sau biyu na rubuta wa Babbar Sista wasiƙa, sau biyu na yaga. In na tuna ka, in na tuna Mama... Wa zai gasa mata gwiwa? Yayyena sai dai a waya."

"To yanzu fa?"

Ta share fuska da bayan hannu.

"Yanzu babu komai. Na ba ka alkawari a gaban iyayena. Zan aure ka, zan riƙe ka da gaskiya, ba za ka yi da-na-sani ba. Ka manta da maganar nan, don Allah."

Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi mini kyau ba: daɗi na ji. Na ce to. Na raka ta har gida, na gaishe da Mama, na koma shago ina fito.

Fiton bai kai Lahadi ba. Baba Katikis ya hau wurin karatu, ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ita ce sanarwa ta biyu. Duk wanda ya san dalilin da zai hana waɗannan biyu aure, wajibi ne ya sanar da Fada. Wanda ya sani ya yi shiru, ya ɗauki alhaki."

Tun ina yaro nake jin kalmomin nan, ban taɓa saurarensu ba sai ranar. Na dubi jama'a. Mutum ya kai ɗari uku a cocin, in ka cire amarya mutum ɗaya ne ya san dalili, kuma shi ne ango.

Da aka fito ta zo ta tsaya a gefena. Ta karɓi barkar kowa, ta yi wa kowa murmushi, ta durƙusa wa tsofaffi.

"Ka ga yau ban gudu ba," ta raɗa mini.

Wannan ya fi gudun nata yi mini ciwo. Ta yi amarcin da kyau, yadda take yin kowane aiki da aka ɗora mata, kuma na san haka za ta yi shekara hamsin babu wanda zai ji ƙorafinta.

Kwana uku ina fama da gadon aurenmu da nake haɗawa. Duk kusurwar da na liƙa sai ta fito a karkace. Na yanke, na sake, na yanke. Ranar Alhamis na wanke hannu na nufi ofishin Fada.

Fada mutum ne mai sanyin magana, ofishinsa cike da takardu da wata fanka da ke neman mai walda. Ya gan ni ya faɗaɗa murmushi.

"Ango, an zo duba rana ne?"

"Fada, a kan sanarwa na zo. Na san dalilin da zai hana auren."

"Auren wa?"

"Nawa."

Ya ajiye biro, ya daɗe yana kallona.

"Shekara talatin ina aikin nan," ya ce, "babu wanda ya taɓa shigowa saboda sanarwa. Yau na samu na farko, kuma ango ne ya kawo ƙarar kansa. Zauna."

Na zayyane masa komai. Bai katse ni ba har na gama.

"Ta san ka zo?"

"A'a."

"Nan ka yi kuskure. Kiran nata ne, bakinta ne zai faɗa, ba naka ba. Kuma a dokar coci wannan ba ya hana aure. In ta ce ta yarda, zan ɗaura."

"Za ta ce ta yarda, Fada. Matsalar ke nan."

"Kai fa? Ka daina son ta ne?"

"Ban san yadda ake rayuwa babu ita ba," na ce. "Amma na ga yadda take idan tana can, kuma ba ni da abin da zan ba ta da ya kai wannan."

Ya yi ajiyar zuciya.

"Zan ɗage sanarwa ta uku da mako guda. Sistoci suna da tsari, mai jin kira takan je ta zauna da su wata ɗaya ta gwada, babu alkawari a kan kowa. Ka je ka yi magana da ita, ku dawo tare. Amma yau, ka ji? Kada ka kai gobe."

Na kai gobe. Na kai jibi ma. Sau biyu ina zuwa har kwanar gidansu ƙafata ta ƙi ƙarasawa. Abin da na manta shi ne, ranar Asabar da safe Katikis yake zuwa karɓar takardar sanarwa. Fada bai ce masa komai ba illa, "Cire wannan, sai wani makon." Ga mutumin da ya yi shekara ashirin da shida a aikin, maganar nan fassara ɗaya gare ta.

Da azahar ya kira ni a waya ya ce in zo maza. Na tarar da shi yana kai da kawo a falo, hannu a baya. Mama tana kujera da tawul mai ɗumi a gwiwa. Auta tana tsaye jikin labule.

"Ɗana, ka kwantar da hankalinka," in ji Baba. "Wani maƙiyi ya kai sara wurin Fada. Zan gano shi. Ko ƙarƙashin bagadi ya shiga sai na zaƙulo shi."

"Ni na san ko wace ce," Mama ta karɓe. "Matar nan ta ƙungiyar mawaƙa. Tun da aka fara maganar ko barka ba ta yi mini ba."

"Baba... ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na je wurin Fada."

Mama ta ɗauke tawul daga gwiwarta a hankali.

"Me 'yata ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, Mama."

"Wata ka samu?"

Na buɗe baki, sai maganar Fada ta dawo mini, bakinta ne zai faɗa. Na riga na yi mata shisshigi sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Na sunkuyar da kai na yi shiru, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin amsa.

"Na ɗauke ka ɗa," in ji Baba. "Sau biyu na tsaya gaban jama'a na kira sunanka da bakina. Tashi ka fita mini daga gida."

Na miƙe.

"Zauna, Injiniya."

Auta ce. Ta saki labulen, ta tako tsakiyar falo, ta durƙusa a gaban iyayenta.

"Ba wata ya samu ba. Ni yake rufa wa asiri. Baba, Mama, ina jin Allah yana kirana in zama Sista. Shekara goma ke nan ina ɓoyewa, kuma na yi niyyar in ɓoye har ƙarshen raina. Amma ba zan tsaya ina kallo a kori mutumin kirki saboda tsorona ba."

Mama ta ɗora hannu biyu a ka. Baba ya girgiza kai.

"Ba a gidan nan ba. Mace ɗaya gare ni."

"Baba, kowace Lahadi kai kake jan addu'a, Allah ya kira daga gidajenmu. Tun ina zama a cinyar Mama nake cewa amin."

"Wannan ai... ai 'ya'yan jama'a nake nufi."

Maganar tana fita ya ji ta da kunnensa. Ya laluɓi kujera ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Shekara ashirin da shida," ya ce a hankali. "Ashe ina roƙo ne ina nuna masa ƙofar maƙwabta."

"Ni ban roƙa ba," in ji Mama, hawaye suna zubo mata. "Ni jikoki na roƙa. Auta, tsofaffin wasu za ki je ki yi ta wankewa, taki uwar fa? Wa zai zauna da ni?"

Na ɗauka za ta kawo wata aya ko wani lallashi. Ba ta kawo ba. Ta kifa kai a cinyar uwarta ta ce, "Ba ni da amsa, Mama. Abin da ya rufe mini baki shekara goma ke nan. In kin ce kada in je, ba zan je ba. Amma ba zan ƙara ce miki babu komai ba."

Ban san lokacin da na matsa na durƙusa a ɗaya gefen ba.

"Mama, minti bakwai ɗin nan ba su ƙaru ba. Da aure ko babu aure, ina nan."

Ta dube ni ta cikin hawaye.

"Kai ma dai wawa ne."

"Na sani, Mama."

Da zan tafi Auta ta biyo ni har bakin ƙofa. Na yi zaton godiya, sai na sha faɗa.

"Wa ya aike ka? Da ka fara zuwa wurina."

"Da na zo, da kin ce in manta. Ni kuma da na manta, don so nake in manta."

Ta shiga wasa da bakin ɗankwalinta.

"In na je gwajin wata ɗayan nan wurin Sistoci na ga ba nawa ba ne fa?"

"Sanarwa ɗaya ta rage. Baba bai manta karatu ba."

"In kuma nawa ne?"

"To na sake ki, masoyiyata. Da zuciya ɗaya... ko dai da rabi, sauran rabin zai biyo baya."

Ta yi dariya, kukan kuma ya ƙwace mata a tsakiyar dariyar.

Sai da aka yi mako biyu Mama ta ce ta je ta gwada. Watan nan ban yi addu'ar kirki ba. Na roƙa katifarsu ta yi tauri, ƙararrawarsu ta dame ta, Babbar Sista ta zama mai faɗa. Ranar da ta cika kwana talatin ta zo shagona, ta ɗan rame, ta zauna a benci.

"Ƙarfe biyar suke tashi," ta ce. "Babbar Sista ta yi mini faɗa sau biyu. Na fasa musu faranti. Kullum sai na yi kewarka."

Na ajiye ƙarfen da ke hannuna.

"Amma?"

"Amma ban taɓa jin ina inda ya kamata in kasance ba sai a can. Ka yafe mini."

"Me kika yi da za a yafe?" na ce. Na sauke gilashin walda a fuskata kamar mai gaggawar aiki, alhali ko wuta ban kunna ba.

Wata huɗu aka ɗauka ana shiri. Takardar Fada, gwajin likita, jerin kayan da za ta kai. Ba ta zauna ba. Ta kira yayyenta ɗaya bayan ɗaya har sai da suka tsara yadda za su riƙa zuwa. Ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake gasa gwiwa da naɗe ta, tana buge mini hannu in na matse da yawa, wai ƙafar mutum ce ba bututu ba. Mama ta yi kwanaki ba ta kula ta, sai wata rana na same ta da allura tana kafe bakin siket ɗin tafiyar, tana mitar cewa Sistoci ba su san yadi mai kyau ba.

Ranar shiga, da hantsi, mu huɗu muka tafi. Gidan masu koyon zama Sista yana bayan gidan tsofaffi, da katangarsa da ƙofarsa daban. Akwati ɗaya ne kayanta, ni na ɗauka. A tsarinsu mai shiga ce take ƙwanƙwasawa da hannunta. Ta ƙwanƙwasa. Babbar Sista ta buɗe ta tambaye ta, "Me kike nema?"

"Rahamar Allah, da wuri a cikinku," ta amsa.

Sannan ta juyo ta durƙusa. Baba ya zana mata alamar gicciye a goshi. Mama ta riƙe fuskarta da hannu biyu.

"In sun wahalar da ke ki dawo, ɗakinki yana nan. In kuma ba su wahalar da ke ba... ki riƙa sa mu a addu'a."

Ta iso gabana ta karɓi akwatin.

"Ba don ka gaza ba ne, ka ji?"

"Na ji."

"Da aure ne rabona, da babu wanda zan aura sai kai."

"Shiga, Auta," na ce. "In kika ƙara magana zan canza ra'ayi."

Ta yi murmushi, ta juya, ta shiga.

Wata ƙaramar Sista ta kama ƙofar za ta rufe, ƙofar ta cije a ƙasa. Ta tura, ta ƙi. Ƙarfe ne mai nauyi, sai an ɗan ɗaga shi kafin ya tafi. Na san haka domin ni na ƙera ta bara, na kuma gaya musu a lokacin.

"Bari, Sista," na ce.

Na kama da hannu biyu, na ɗaga, na jawo ta daga waje. Ta tafi sumul ta zauna daidai a mazauninta. Daga ciki aka zura sakata.

A nan ƙarfina ya ƙare. Na jingina goshi da ƙarfen da rana ta fara gasawa, na yi kukan da na riƙe wata biyar. Na ji Baba ya matso zai taɓa ni.

"Bar shi ya yi," in ji Mama. "Mu jira shi."

Suka tsaya a rana, shi da tabarau a hannu, ita dogare da sanda, har na gama.